Daga kakaki zuwa shingen waya: waiwaye kan masu tare wa jirgi hanya

A tsakiyar daminar bara na ɗauko kawuna a babur, hanya ta bi da mu ta gefen filin jirgin saman Dutse. Ko'ina ka duba shuka ce, gero ya fara ɗaukar ciki, gyaɗa ta rufe ƙasa, babu inda akuya za ta sa baki ba a yi shari'a ba. Sai ga wani fili shimfiɗeɗe a bayan waya, kore shar, ciyawa har gwiwa, ba kowa a ciki. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ɗana, wannan ciyawar ta wace ce?” Na ce, “Kawu, ta jirgi ce.” Ya ce, “Ashe jirgi ma yana kiwo.”

Dariya na yi a lokacin. Daga baya na gane cewa tambayar tasa ta girme ni, ta girme shi, domin shekarunta wajen ɗari a ƙasar nan.

Ranar 1 ga Nuwamban 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka iso Kano daga Helwan da ke kusa da Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Babu filin jirgi a lokacin. A filin dawaki suka sauka, inda Turawa ke wasan folo. Wato tun ranar farko jirgi ne baƙo, doki ne ɗan gida. Jiragen na katako ne da yadi, masu fiffike biyu sama da ƙasa, kuma gudun da suke sauka da shi bai wuce na motar haya a kan kwalta ba. Matuƙi yakan zagaya fili sau ɗaya ko biyu, ya leƙo da kansa ya duba ko akwai rami ko jaki, kafin ya sauko.

A 1936 aka fara zirga-zirga ta sosai a filin jirgin Kano, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano. Yaƙin duniya na biyu ya ƙara masa aiki: ana haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri, su wuce Sudan zuwa Masar. Bayan yaƙi Kano ta zama zangon jiragen da ke ratsa Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka. Amma filin bai fasa zama hanyar mutane ba. Masu itace da fatake da makiyaya suna da turbobinsu tun kafin zuwan Bature, kuma ba su ga dalilin barinsu ba.

Dabarar da aka yi a wancan zamani ita ce ta fi burge ni a duk tarihin nan. A hotunan filin jirgin Kano na wajejen 1950 za ka ga mutum a kan raƙumi, da rawaninsa, riƙe da doguwar kakaki. In jirgi ya kusato sai ya busa, mai tafiya ya dakata, mai dabba ya kore abarsa gefe. Turawa sun ɗauki abin a matsayin kayan kallo, har suka riƙa buga hoton a katin gaisuwa. Ni kuwa hikima nake gani a ciki. Kakaki busar sarki ce, duk Bahaushen da ya ji ta ya san babba na tafe, a ba da hanya. Ba a kori kowa daga filin ba, lokaci aka raba: yanzu na jirgi ne, an jima naku ne.

Abin da ya kashe wannan yarjejeniya gudu ne. Jirgin fasinja na yau yana taɓa ƙasa da gudun kusan kilomita 250 a sa'a, wato kimanin mita 70 a kowace daƙiƙa. Kafin ka ce kwabo ya cinye tsawon filin ƙwallo. Ba ya kaucewa kamar mota, domin in matuƙi ya murɗa shi da wannan gudu sai ya bar kwalta ya faɗa ciyawa. Abu ɗaya ne a hannunsa: in ya hangi wani abu da wuri, ya fasa sauka, ya ba injin wuta, ya sake ɗagawa ya zagayo. In kuwa tayoyi sun riga sun zauna, ya kuma juya ƙarfin injin baya don rage gudu, to bakin alƙalami ya bushe, sai birki da addu'a. A haɗa da duhun dare, ko hazon hunturu irin namu da kan hana ka ganin ƙarshen gonarka. Bijimin bunaji mai kilo 300 ko fiye, a wannan gudu, bambancinsa da katanga kaɗan ne.

Shi ya sa aka koma shinge. Sai dai shinge abu ne da ke tsufa, ana yanke shi, ruwa na cin gindinsa, kuma titi mai tsawon kilomita 3 yana bukatar waya mai ninkin wannan tsawo sau da yawa. A watan Yulin 2005 jirgin Air France ƙirar Airbus A330 da ya taso daga Paris da mutum 196 ya sauka a Fatakwal, ya afka cikin garken shanu a kan titi. Shanu sun mutu, jirgi ya lalace, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Labarin ya zagaya duniya, an yi mana dariya, an yi alkawarin katange filaye. Shekara goma sha uku bayan haka, a Fabrairun 2018, jirgin Air Peace daga Legas ya iso Akure ya tarar da shanu sun riga shi. Ya yi ta shawagi a sama har aka kore su. Hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, FAAN, ta ba da haƙuri, ta dakatar da shugaban tsaron filin. A Mayun 2025 kuma wani jirgin kamfanin ya buge wata babbar dabbar dawa, dangin barewa, a titin Asaba.

Kada mai karatu ya ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A Agustan 2013 jirgin Lion Air ya buge saniya yana sauka a Gorontalo ta Indunusiya, ya zame ya bar titi. Masu kuɗin ma ba su tsira ba, nasu baƙin ne dai suka bambanta. Filin jirgin Kennedy na birnin New York yana bakin ruwa, kuma duk shekara wajen Yuni da Yuli ƙififiya kan fito daga ruwan tana neman rairayin da za ta yi ƙwai, hanyarta kuwa ta kan titin jirgi ta bi. A Yulin 2009 sai da aka tsince 78 a rana ɗaya, jirage na jere suna jira. Ka duba fa, abin da ya fi komai sauri yana jiran abin da ya fi komai nawa. A Florida kada ne ke fitowa shan hantsi a kan kwalta. A Jibraltar kuwa, can gefen kudancin Sifaniya, babban titin mota ne da kansa ya ratsa titin jirgi, ana tsayar da motoci kamar a mararrabar jirgin ƙasa, har sai da aka buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa a 2023. Kakakin Kano ke nan, aka sa masa fitila da ƙarfen tsayarwa.

Labarin da na fi so a wannan babi ya faru ne a Kanada ranar 23 ga Yulin 1983. Wani sabon Boeing 767 na Air Canada ya tashi zuwa Edmonton da mutum 69. An yi kuskuren lissafin mai, aka auna da fam a inda ya kamata a auna da kilo, ya tashi da abin da bai kai rabin bukatarsa ba. A tsakiyar tafiya injin biyu suka mutu. Mataimakin matuƙin ya tuna da wani sansanin sojan sama a Gimli inda ya taɓa aiki, suka nufi can. Abin da bai sani ba shi ne an mayar da titin filin tseren motoci, kuma ran nan Asabar ce, jama'a sun cika gefe da iyalansu da tantunansu. Jirgin da injinsa ya mutu ba ya yin ƙara, saboda haka ba wanda ya ji zuwansa. Da kyaftin Robert Pearson ya daidaita da titi sai ya hangi yara suna tuƙa keke a gabansa. Tayar gaba ba ta kulle ba, hancin jirgin ya dafe ƙasa yana gurzawa, wannan gurzar ta taimaka ya tsaya kafin ya kai ga taron. Ba wanda ya mutu, a sama ko a ƙasa. Su 'yan tseren ne ma suka rugo da abin kashe gobara.

Sai dai in aka bi lissafin rayuka, dabba ba ta kama ƙafar ɗan Adam ba. Ranar 11 ga Oktoban 1984 a Omsk ta Tarayyar Sobiyet, jami'in hasumiya ya ba motocin aiki izinin hawa titi su busar da shi, barci ya ɗauke shi, jirgin Aeroflot ya sauko a kansu. Mutum 178 suka rasu. Ranar 2 ga Janairun 2024 a filin Haneda na Tokyo, jirgin Japan Airlines ya sauka kan wani ƙaramin jirgin masu gadin teku da ya shigo titi, yana shirin kai agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa. Duka mutum 379 na babban jirgin sun fita kafin wuta ta cinye shi, biyar daga cikin shida na ƙaramin suka mutu. Wani lokaci ma abin bai kai mota ba. Jirgin Concorde da ya faɗi a Paris ranar 25 ga Yulin 2000, wajen tashi, wani siririn ƙarfe ya taka, tsawonsa kamar kamu ɗaya, wanda ya faɗo daga jirgin da ya riga shi. Taya ta fashe, tankin mai ya huje, mutum 113 suka tafi. Don haka ne in ka ga mota mai fitila a ka tana bin titin jirgi a hankali, ba yawo take ba, ƙusa da tsakuwa take nema. Titin da kansa ma yakan zama tarko: a 2017 sai da aka rufe filin jirgin Abuja mako shida don gyaran kwalta, jirage suka koma sauka a Kaduna.

Tsuntsu kuwa bai san shinge ba. Tun 1912 ya fara kashe matuƙi, wani mai suna Cal Rodgers, a gaɓar tekun Kalifoniya. A Disamban 2024 jirgin Jeju Air ya gamu da agwagin ruwa masu ƙaura yana shirin sauka a Muan ta Koriya ta Kudu, ya sauko a kan cikinsa, ya daki ginin kankare a ƙarshen titi, mutum 179 suka rasu. Wannan ya kamata ya sa mu a nan mu natsu, domin Jigawa ƙasar tsuntsu ce. Dausayin Haɗeja da Nguru masauki ne na tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai duk hunturu, ga janbaki da ke tashi kamar hadari. Kowane tsuntsu kuma da abin da ke kawo shi, manomi ya fi injiniya sani. Belbela bayan shanu take. Shirwa na bin inda aka yanke ciyawa ko aka sa wuta, saboda fara. Ungulu na mahauta, hankaka na juji, shamuwa na zuwa da farkon ruwa. Ma'aikatan filin jirgi suna da bindigar ƙara da sauran kayan razanarwa, amma tsuntsu yakan saba, kamar yadda yake sabawa da mutum-mutumin gona. Mahauta ko juji guda da aka bari kusa da filin jirgi ya fi ƙarfin duk wannan harbe-harbe.

Mu koma ga ciyawar kawu. Filin jirgin Dutse, wanda aka buɗe a 2014 zamanin gwamna Sule Lamido, a tsakiyar ƙasar noma da kiwo yake, kuma haka yawancin filayen Arewa suke. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, ga burtali da mashaya da kowane ƙauye ya san iyakarsu. Yau a wurare da yawa burtalin da garke ke bi a jere ya koma siririyar hanyar da babur biyu ba sa wucewa, gonaki sun cinye shi taƙi-taƙi. Da damina, in an shuka ko'ina, filin da ya rage ba shuka sai na makaranta, sai maƙabarta, sai na jirgi. Duk lokacin da saniya ta hau titin jirgi a ƙasar nan, magana kan tsaya ne a kan mai gadi da makiyayi: a dakatar da wannan, a kama wancan. Laifinsu na nan, ban wanke kowa ba, wanda ya yanke waya ya tura dabba ya yi wasa da ran ɗaruruwan mutane, wataƙila har da maniyyatan garinsu. Amma ban cika jin an tambayi ina saniyar take bi kafin a zuba kwaltar ba, ko ina aka ce ta koma.

Kawu bai yi maganar shiga ba, ya san ba wurin wasa ba ne, ƙanwarsa ma ta nan ta tashi zuwa Makka. Lissafinsa daban ne. Ya ƙiyasta cewa in za a ba mutanen ƙauyukan gefe dama su shiga da lauje a ranakun da ba jirgi, a rubuta sunan kowa a gaban mai unguwa, za su share filin cikin 'yan kwanaki ba tare da an biya su sisi ba, su ɗaure harawar da za ta kai su bazara. Na ce masa yankan ciyawa na jawo shirwa. Ya ce ai shirwa kwana biyu take yi ta watse, kowane yaro ya san wannan. Muna cikin haka hadari ya taso daga gabas, ya ce in tayar da babur, akwai taki a buhu da bai kamata ya jiƙe ba.