Shin waƙar hip-hop tallar kuɗi da mata ce kawai?

An daɗe ana faɗa a majalisu da shagunan aski na Jos cewa hip-hop ba ta da saƙo sai alfahari da motoci, sarƙar zinariya da 'yan mata masu rawa. Masu wannan ra'ayi suna da uzuri, domin irin waƙoƙin da talabijin ya fi nunawa ke nan, kasancewar su ke jawo masu talla.

Amma salon ya taso ne a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970, a tsakanin matasa talakawa, kuma tun shekarun 1980 akwai mawaƙan da ke ƙalubalantar yadda labarai ke nuna baƙar fata a matsayin mai laifi, da yadda talla ke mayar da mace kayan ado. Mata mawaƙa ma sun mayar da martani da bakinsu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya san zambo da habaici.

Mai son tantancewa ya kawar da kai daga bidiyon, ya nemi rubutattun baitocin a intanet ya karanta a tsanake. Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.