Haɗa kwanan wata da lokaci a rubutun manhaja

Haɗa kwanan wata da lokaci shi ne ɗaukar rana, wata da shekara a ɗaura musu awa, minti da daƙiƙa, su zama abu guda da kwamfuta za ta iya jerawa ko ta yi lissafi da shi. Ana bukatarsa ne saboda fom ɗin intanet da rajistar asibiti ko ta tashar mota galibi sukan raba biyun, kowanne da gurbinsa.

A Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, umarnin datetime.combine ke yin wannan aiki. Harshen Java kuwa tun fitowar Java 8 a 2014 yana da umarnin atTime. A Excel ma abin tarawa ne kawai, domin kwanan wata cikakkiyar lamba ce, lokaci kuma ɓangaren yini: 0.5 na nufin sha biyun rana. Wajen rubuta sakamakon, ƙa'idar duniya ta rubuta kwanan wata da lokaci mai suna ISO 8601, wadda ta fara fitowa a 1988, ta sa harafin T a tsakani, kamar 2024-03-14T21:00:00+01:00.

Haɗawar ba ta da wuya. Inda ake yin tuntuɓe shi ne sanin wace rana ake nufi. Ranar kwamfuta tana farawa ne da sha biyun dare, alhali a lissafin Hijira da kuma bakin Bahaushe dare ke gaba da yininsa. Idan mai jego a Gusau ta ce ta haihu daren Juma'a ƙarfe tara, Alhamis da daddare take nufi. Ma'aikacin da ya zaɓi Juma'a a fom ya tura haihuwar gaba da awa 24, kuma manhajar ba za ta ce uffan ba. Haka motar da ta tashi daga Birnin Kebbi ƙarfe goma na dare ta isa da asuba: in aka manna lokutan biyu a kwanan wata ɗaya, sai lissafi ya nuna ta isa kafin ta tashi.

Sai batun agogon yanki. Najeriya tana gaba da UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya duk shekara, ba ta sauya agogo kamar yadda Ingila ke yi, kuma sunan yankinta a kundin lokutan duniya Africa/Lagos ne, har da Argungu da Talata Mafara. Idan ba a faɗa wa Python yanki ba, sakamakon zai fito babu shi. Kwamfutar da ke adana bayanai da UTC za ta ajiye sha biyu da rabin daren Gusau a matsayin 23:30 na ranar da ta gabata.