Inshorar ₦15,000 da masu kabu-kabu: abin da ake faɗa a tasha ba haka yake ba

Kwana biyun nan, daga Kwangila har PZ a Zariya, zance ɗaya nake ji a bakin direbobi: wai an kawo sabuwar doka, duk wanda aka tare ba inshora jami'i zai ci shi tarar dubu ɗari biyu da hamsin nan take a bakin titi. Wani ma ya ajiye motarsa a gida saboda tsoro. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Da farko, dokar ba sabuwa ba ce. Tun 1945, zamanin Turawa, aka wajabta wa mai mota inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. Abin da ya sauya shi ne kuɗin: hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga na motar gida daga ₦5,000 zuwa ₦15,000 a farkon 2023, Keke Napep ₦5,000, babur ₦3,000. Sai 'yan sanda suka fara matsa wa lamarin daga 1 ga Fabrairu 2025. Dokar ta shafi kowa: tasi, bas, ɗan acaɓa, da mai ɗaukar fasinja ta manhajar waya irin Bolt.

Batun tara kuwa, dokar inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta da wata a 2025, ita ce ta ambaci ₦250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun, amma bayan kotu ta sami mutum da laifi. Alƙali ke yanke wannan hukunci, ba wanda ya tare ka a hanya ba. Duk wanda ya ce ka zaro kuɗin ka miƙa masa a gefen titi, ba doka yake bi ba.

Inda nake jin tsoro shi ne wurin da ba a magana a kai. Ma'aikaci ne ya tashi aiki a Samaru, albashi ya gaza, ya kwashi mutum huɗu zuwa Tudun Wada don ya sami na mai. Lambar motarsa mai shuɗin rubutu ce, wato ta gida. Ta haya rubutunta ja ne. Inshorarsa ma ta gida ce, kuma irin wannan takarda a al'ada tana cire ɗaukar fasinja don kuɗi daga abin da take rufewa. Ran da tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye, kamfani na iya cewa ba da wannan aka yi yarjejeniya ba. Ga asibiti, ga iyalan fasinja, ga takarda a hannu da ba ta tsinana komai ba. Kuma ko da komai daidai ne, ba motarka take gyarawa ba. Wanda ka buge take biya, ɓarnar dukiyarsa kuma har zuwa naira miliyan 3.

A ganina an bar talaka cikin duhu a nan. Ana karɓar kuɗinsa wajen sabunta takardu, ba wanda ke zaunar da shi ya karanta masa sharuɗɗan da Hausa, ga 'yan damfara na sayar da ta bogi. In kana kabu-kabu, ka faɗa wa kamfanin inshora gaskiya cewa haya kake yi, a ba ka wadda ta dace. Wadda ke hannunka kuma, danna *565*11# a wayarka, ka sa lambar motar, ka ga ko tana cikin rajista.