Gasasshen katako

Gasasshen katako shi ne katakon da aka dumama a tanderu a zafin digiri 160 zuwa 230 na Selsiyus, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, har halittarsa ta canza ba tare da an zuba masa wani magani ba. Galibi da itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura ake yin sa, wato fayin (pine) da sifirus (spruce), kuma ana amfani da shi wajen rufe bangon waje, dandamali, tagogi da kujerun tsakar gida.

Hanyar da ta fi shahara ita ce ThermoWood, wadda cibiyar bincike ta VTT a Finlan ta tsara a shekarun 1990. Faransa da Holan da Jamus ma kowa da tasa dabarar, ta Jamus ma cikin man tsirrai mai zafi ake tsoma katakon. A tsarin Finlan, da farko ana ɗaga zafi zuwa wajen digiri 130 har katakon ya bushe ƙaƙas. Daga nan sai a kai shi 185 zuwa 215, a riƙe na awa 2 zuwa 3, tururi na tsare shi kada ya kama wuta. Sannan a sanyaya shi a yayyafa ruwa, damshinsa ya tsaya tsakanin kashi 4 zuwa 7 cikin ɗari. Aji biyu ne: Thermo-S da ake gasawa a digiri 190, don cikin ɗaki, da Thermo-D a digiri 212, wanda shi ne na waje.

Abin da zafin ke yi shi ne rushe hemiselulos, ɓangaren itace mai jan ruwa wanda kuma funfuna ke ci. Don haka damshin da yake sha daga iska kan ragu da kusan rabi, kumbura da motsewa su ragu, ruɓewa ta yi jinkiri. Ƙaron itacen ya fita, launi ya koma ruwan ƙasa mai duhu har cikin tsakiya. Sai dai katakon ya kan yi gautsi. Ƙarfinsa na jure lanƙwasa na iya faɗuwa da kusan kashi 30 cikin ɗari, shi ya sa ba a sa shi ginshiƙi ko dogarin rufi.

A Damagaram lissafin ya sha bamban da na Turai. Can ruɓewa ce babbar matsala. Nan damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, abin da ke wahalar da katako shi ne sauyi daga damshin Agusta zuwa bushewar hunturu, lokacin da ƙofa ke kantarewa, mahaɗai su buɗe baki. A wannan fannin gasasshen katako ya yi fice, domin da kyar yake motsi. Amma gara ba ruwanta da gashin, tana cin sa kamar kowane katako, kuma nan ne masu saye suka fi ruɗuwa. Wanda ya kafa shi cikin ƙasa ko ya jingina shi da bangon laka ya yi asara. A ɗora shi kan kankare ko ƙafar ƙarfe, aƙalla santimita 20 sama da ƙasa, a bar wurin a buɗe yadda za a hango hanyar gara tun tana farawa. Inda ake son abin ɗaukar nauyin rufi, har yanzu azarar giginya ta fi shi nesa ba kusa ba.

Rana ma ba ta raga masa. Cikin ƴan watanni launin ya kan koɗe zuwa toka-toka, fuskarsa ta yi ƙananan tsagu. Mai ko fenti mai launi ne ke rage wannan. Mai marar launi ba ya tare hasken rana sosai. Kawunan katakon su suka fi bukatar shafi.

Wajen aiki, kafinta ya fara huda rami kafin ya ɗaura sukuru, musamman kusa da baki, in ba haka ba katakon ya tsage. Ƙusa da sukuru su kasance na ƙarfe marar tsatsa, domin katakon na da ɗan tsami da ke cin baƙin ƙarfe, ya bar baƙin zane idan ruwa ya sauka. Bayan katakon rufin bango a bar tazarar santimita 2 zuwa 3 don iska ta ratsa. Gam mai ruwa ya kan daɗe bai kama ba tun da katakon ba ya shan ruwa da sauri, sai a tsawaita matsewa. Ƙurar zartonsa laushi gare ta ƙwarai, a rufe hanci.

Kada a ɗauka ɗaya yake da katakon dakalin ɗora kaya mai tambarin HT. Wannan an dumama shi ne kawai har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na minti 30, bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISPM 15, don kashe ƙwarin da ke ciki kafin ya ƙetare iyaka. Bai sami ko ɗaya daga halayen gasasshen katako ba.