Yini guda a ƙafa cikin Lakwaja lokacin hunturu: tambayoyin matafiyi daga Zariya

Duk shekara idan iskar hunturu ta kaɗo, makarantu suka tashi hutun Disamba, ɗalibai da matasan Zazzau masu son tarihi sukan tambaye ni game da tsofaffin garuruwan bakin kogi da mutum zai iya zagayawa da ƙafa a yini guda. Kullum nakan fara ambata musu Lakwaja, inda kogin Kwara da na Binuwai suke haɗuwa. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsoshin da nakan bayar.

Malam, me zai kai Bazazzage Lakwaja alhali birninsa cike yake da tarihi?

Abin da zai kai shi shi ne wani sashe na tarihin Zazzau ɗin yana binne a can. Turawan mulkin mallaka sun mai da Lakwaja wurin da suke tsare sarakunan da suka tuɓe, domin su raba su da jama'arsu. Can aka kai Sarkin Zazzau Kwasau na gidan Barebari bayan an sauke shi, can kuma aka kai wanda ya gaje shi, Sarki Aliyu Ɗansidi na gidan Mallawa, malami kuma fasihin mawaƙi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya rasu a Lakwaja a 1924. Daga saukarsa sai da aka yi shekara ɗari cif kafin sarauta ta sake komawa gidan Mallawa, da naɗin Sarki Ahmad Nuhu Bamalli a 2020. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, shi ma a can ya cika a 1926. Saboda haka ni a wurina wannan tafiya ta fi kusa da ziyarar magabata fiye da yawon buɗe ido, kuma yana yi mini ciwo in ga yaro ya tashi a Ƙofar Doka ko Tudun Wada, ya haddace sunayen sarakunanmu, amma bai san inda biyu daga cikinsu suka ƙare rayuwarsu ba.

Me ya sa sai da hunturu?

Saboda kogi da kuma rana. A ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, kogunan biyu sukan cika su batse, kuma a 2012 da 2022 ambaliya ta mamaye unguwannin bakin ruwa har ta datse babbar hanyar Abuja a wajen Koton Ƙarfe, matafiya suka yi kwanaki a tsaye. Idan kuwa bazara ta shigo, zafin Lakwaja mai gumi ne wanda ba ya barin mutum ya yi doguwar tafiya a ƙasa. Tsakanin Disamba da Janairu ruwa ya janye, rairayi ya fito tsibiri-tsibiri a tsakiyar kogi, safiya tana da sanyi-sanyi. Kada dai mutumin Zariya ya zaci irin ɗarin Samaru zai tarar, wanda ke sa a kwana da wuta a ɗaki, domin garin yana cikin kwari ne a kudu da mu sosai, kuma kafin azahar rana ta riga ta yi ƙarfi.

Hunturu yana da nasa aibin, wato hazo. Ranar da ƙura ta sauko sosai, mutum zai hau dutse ya duba ƙasa bai ga mahaɗar kogunan ba sai fari fat. Shi ya sa nake ba da shawarar a ware kwana biyu a garin ko da zagayen na yini guda ne, domin hazon yau ba lalle ne ya zama na gobe ba.

Yaya hanyar take?

Daga Zariya sai Kaduna, sai Abuja, sannan a miƙe kudu ta Abaji da Koton Ƙarfe, a haye gadar Murtala a kan Kwara. Tafiyar yini ce, don haka a yi sammako a isa da rana, a kwana, washegari a fara zagaye.

Daga ina ya kamata a fara?

A fara da dutsen Patti bayan sallar asuba, tun jiki bai gaji ba. Kalmar a harshen Nufanci tana nufin tudu, kuma tsayinsa ya haura mita 400. Hawan yana da wuya ga wanda bai saba ba, dattawa za su iya ɗaukar abin hawa zuwa sama su sauko da ƙafa. A can saman akwai ɗan gidan hutawar Gwamna Lugga, Baturen da ya fara mulkin Arewa, daga nan kuma ake hango garin gaba ɗaya a shimfiɗe tsakanin dutse da ruwa. Wanda ya tsaya a wurin zai gane da idonsa dalilin da ya sa Turawa suka kafa sansani a nan, domin duk jirgin da zai nufi Bida da Jebba ta Kwara, ko Yola ta Binuwai, dole ya gifta ta ƙarƙashinsa. Masu yi wa baƙi jagora sukan ce a kan wannan dutse Flora Shaw, 'yar jaridar Ingila, ta ƙirƙiro sunan Nijeriya. Abin da yake a rubuce shi ne ta kawo shawarar sunan a jaridar Times ta Landan a Janairun 1897.

Idan an sauko, me ake gani a cikin gari?

Tsohon garin a haɗe yake, kuma a nan amfanin tafiyar ƙafa yake fitowa, domin mai mota zai wuce abubuwa uku kafin ya lura da ɗaya. Wani likita ɗan Sikotlan, William Baikie, shi ne ya kafa zangon ciniki a nan wajen 1860 da yardar Etsu Nupe Masaba, ya koyi Hausa, a 1862 kuma ya yi tafiya ta Zariya har Kano. Akwai makarantar Holy Trinity da aka kafa a 1865 zamanin Bishop Ajayi Crowther, kusa da ita kuma akwai ƙarafan nan da ake kira na 'yanci, inda ake cewa bawan da ya tsere ya taɓa su ya kuɓuta. A Lakwaja ne ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya shelanta mulkin Arewa. Shekara biyu kacal bayan haka sojojinsa suka iso Zariya. Akwai kuma maƙabartar Turawa, wadda shekarun da ke jikin duwatsunta suke nuna yadda zazzaɓi ya riƙa ɗaukar su da ƙuruciyarsu.

Ta yaya ake ziyartar makwantan sarakuna?

Suna cikin tsohuwar unguwar Kabawa, a tsakiyar gidajen jama'a, saboda haka shiga ce ta mai sallama. A nemi dattawan unguwa a gaishe su, a faɗi daga inda aka fito da abin da ya kawo mutum, su za su haɗa shi da mai kula da wurin. Hausa tana gudana sosai a unguwar, don haka babu matsalar tafinta. A shiga da natsuwa, a yi wa mamatan sallama da addu'a kamar yadda ake yi a kowace maƙabartar Musulmi, kada a ɗaga waya don ɗaukar hoto sai an nemi izini, a kuma yi wa mai kula ihsani gwargwadon hali. Na fi son a sa wannan ziyara bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi kuma an riga an ga dutsen da gine-ginen waɗanda suka kawo su nan. Mutum ya tuna cewa wanda ke kwance a gabansa ya taɓa hawan salla daga Ƙofar Fada da dawaki da algaita, sannan ya ƙare kwanakinsa a bakin kogin da ba nasa ba, cikin zafin da bai saba da shi ba. Allah ya jiƙansu da rahama.

Za a iya shiga kwalekwale zuwa mahaɗar ruwan?

Ana iyawa, masunta suna kai baƙi, amma kada a shiga sai da rigar ceto, kada a yarda da jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, kuma a dawo kafin magariba. Mu mutanen tudu ne, wanda iyakar saninsa da ruwa shi ne Kubanni da Galma bai kamata ya raina Kwara ba ko da ta janye.

Me za a riƙe?

Takalmi mai taushi wanda ƙafa ta saba da shi, ruwan sha isasshe, man kaɗe saboda kaushi da tsagewar leɓe, da 'yar rigar sanyi mara nauyi wadda za a cire da hantsi.

Ban da Lakwaja, akwai wasu garuruwan irinta?

Akwai Zungeru a bakin kogin Kaduna, wadda ta zama hedikwatar Arewa daga 1902 har aka koma Kaduna a 1917, kuma a can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. 'Yar gadar ƙarfen Lugga da ke lambun Gamji a Kaduna daga can aka ɗauko ta, don haka mai zuwa daga Zariya zai iya fara ganinta a hanya. Akwai Jebba da gadar jirgin ƙasa da dutsenta na tsakiyar kogi. Sai kuma Baro, ƙaramar tashar jiragen ruwa a bakin Kwara, inda layin dogo ya taso ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, layin da Sabon Garinmu ya tsiro a gefensa.