Waiwaye: Yadda Saudiyya ta sha fama da 'yan wasan mota, daga tarar riyal dubu zuwa dubu sittin

Duk wanda ya taɓa zama a Riyad ko Jidda, ko yake da ɗan'uwa da ya yi aikin direba a can, toh ya san kalmar tafhit. Wasan ganganci ne da mota, yaro zai tako ta a kan titi miƙaƙƙe har ta wuce kilomita 160 a awa, wani lokacin ma ta haura 200, sai ya fizgi sitiyari ya saki bayan motar tana ta wulwulawa hagu da dama, taya na ƙara hayaƙi na tashi, ga 'yan kallo jere a bakin titi ba shinge ba komai suna ihu suna ɗauka a waya. Kuma ba wasu motocin tsere ba ne fa, Camry ce da Sonata da Accord, irin waɗanda magidanci ke kai yara makaranta da su, da yawansu ma na haya ne ko na sata, shi ya sa mai tuƙin bai damu ba ko ta dawo ko kar ta dawo.

Abin ya samo asali ne tun shekarun 1970. Bayan farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973 kuɗi suka shigo ƙasar kamar ruwan sama, aka faɗaɗa Riyad bisa tsarin da kamfanin wani Bagirke mai suna Doxiadis ya zana, tituna masu faɗi sun miƙe sambal, aka yanka filaye aka shimfiɗa kwalta tun kafin a gina gidajen, sai ya zama akwai unguwanni guda da titi ne kawai a cikinsu ba kowa. Ga fetur kamar kyauta, don har zuwa ƙarshen 2015 lita ɗaya ta nau'in da ya fi arha ba ta kai rabin riyal ba. Ga samari da iyayensu suka baro ƙauye da sahara suka tare a gefen birni, ba aikin kirki, ba gidan sinima don an rufe su tun farkon shekarun 1980 ba a sake buɗewa ba sai 2018, ba wani wurin da saurayi zai je ya huce. Wani mai bincike Bafaranshe, Pascal Menoret, ya zauna cikinsu ya yi rubutu a kansu, kuma kalmar da ya ce suna yawan faɗa ita ce tufush, wato irin ƙuncin nan na zaman banza da jin cewa ba ka da wata daraja a gari. Ni a ganina nan ne gindin maganar, don yaron da ba wanda ya san da zamansa da rana, da daddare sai ga ɗaruruwan mutane suna kiran laƙabinsa.

Da farko hukuma ta ɗauki abin da wasa gaskiya. Tarar farko riyal 1,000 ce da tsare mota kwana 15, wanda ga ɗan mai kuɗi ba komai ba ne, ga wanda motar ma ba tasa ba ce kuma ina ruwansa. Sai da aka fara kwasar gawarwaki sannan hankali ya dawo. Shari'ar da ta fi girgiza ƙasar ita ce ta wani hafsan sojan ruwa da aka fi sani da Abu Kab, wanda a 2005 a Jidda wasan nasa ya yi ajalin matasa uku. Kotu ta fara yanke masa hukuncin kisa, aka yi ta kai-kawo shekaru, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 20 da bulala 3,000 da haramta masa tuƙi har abada. A 2012 kuma wata kotu a yankin Ƙasim ta yanke wa wani da ake kira Mutannish hukuncin kisa bayan ya kashe mutum biyu ya gudu. Malamai ma ba su yi shiru ba, an yi ta huɗuba ana jawo ayar nan ta cikin Baƙara da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka.

Amma kun san me? Duk da wannan tsananin abin bai tsaya ba, don a daidai lokacin ne YouTube ya shigo, bidiyon da da sai a hannu ake miƙa shi yanzu duniya ke kallo, masu wasan suka zama taurari, yara ƙanana suna haddace sunayensu kamar na 'yan ƙwallo. Hukunci mai tsanani da yake faɗawa kan mutum ɗaya cikin dubu bayan an riga an yi rashi ba ya tsorata yaro ɗan shekara 19, shi a ransa wancan ne bai iya ba.

Canjin gaske ya fara ne da abubuwa da yawa suka haɗu. A 2010 aka kawo Saher, kyamarorin nan da ke ɗaukar lambar mota su turo maka tara ta waya, ba ɗan sandan da za ka roƙa, ba wanda zai ce ai ɗan wane ne a kyale shi, mutane sun tsane ta sosai har wasu suka riƙa farfasa ta suna rufe lambar mota, amma ta zauna. Sai a 2016 majalisar ministoci ta ninka tarar tafhit sau ashirin: karon farko riyal 20,000 da tsare mota kwana 15, na biyu 40,000 da kwana 30, na uku 60,000 kuma kotu ta duba yiwuwar ƙwace motar gaba ɗaya, ga kuma batun ɗauri. Aka sa tara har kan masu taruwa kallo, kuma wannan ya burge ni ƙwarai, domin ba mai wasa da ransa a titin da ba kowa. Fetur ya yi tsada a 2018. Sannan gwamnati ta buɗe wata ƙofar, aka fara tseren motocin lantarki na Formula E a Dir'iyya kusa da Riyad a Disamba 2018, gasar tseren sahara ta Dakar ta koma ƙasar a 2020, tseren motoci na Formula 1 ya zo Jidda a 2021, aka samu filaye da ake shirya gasar juya mota da hular kwano da shinge da motar asibiti a gefe. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar sun nuna mutuwar haɗarin mota a ƙasar ta sauka daga sama da mutum 9,000 a 2016 zuwa ƙasa da 7,000 a 2021. Ba tafhit kaɗai ke kashe mutane a titi ba, kuma har gobe ana kama masu yi, sai dai ba kamar da ba.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan tarihin shi ne mu ma muna da namu, wasan mota a wajen ɗaukar amarya ko ranar gama makaranta, da na babur, da kilisa a tsakiyar unguwa. Na taɓa tsayawa a bakin layinmu ranar wani biki, abokan ango suka zo da motoci huɗu, ɗaya ya fara juyi ƙura ta turnuƙe, wata yarinya mai tallan gyaɗa da ba ta wuce shekara tara ba ta saki farantin ta manne da bango tana rawar jiki, tayar baya ta wuce ta da abin da bai kai taku biyu ba wallahi. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne manyan mata na guɗa, magidanta na dariya suna cewa yaron nan ya iya hannu, ba wanda ya je ya ɗaga yarinyar sai wani tsoho mai gyaran takalmi, shi ya tsince mata gyaɗar ɗaya bayan ɗaya. Da ya buge ta na san abin da za a ce, tsautsayi ne, ƙaddara ce, a je a ba iyayenta haƙuri, manya su shiga tsakani a kashe maganar kafin ta kai kotu.

Muna da hukumar kiyaye haɗurra tun 1988, Kano na da KAROTA, 'yan sanda kan fitar da sanarwar hani lokaci zuwa lokaci musamman gab da sallah, to amma sau nawa aka riƙe motar ɗan babban mutum kwana 15 cur ba a yi waya an sake ta ba? Ni dai ban daina ganin yaran layinmu suna jan gwangwani da zare suna kwaikwayon ƙarar taya da baki ba, kuma direban ranar nan har yau laƙabinsa suke kira in ya wuce.