Waiwaye: Taƙaddamar Marx da Bakunin, da Yadda Ta Bayyana a Sudan

A shekarar 1872, a taron ƙungiyar ma'aikata ta duniya da aka yi a birnin Hague, magoya bayan Karl Marx suka kori Mikhail Bakunin, bayan an daɗe ana sa-in-sa a kan makomar hukuma. Marx yana ganin hukuma makami ce a hannun masu dukiya, don haka dole ma'aikata su ƙwace ta su riƙe na wani lokaci, har bambancin aji ya gushe, ita ma ta shuɗe da kanta. Bakunin ya ce sam, domin duk wanda ya hau kujerar mulki, ko da jiya leburan masana'anta ne, zai koma kare kujerar, saboda haka gara a rushe ta jama'a su tafiyar da al'amuransu daga ƙasa.

Sudan ta fara gwada hanyar farko. Jam'iyyar gurguzu da aka kafa a 1946 ta yi ƙarfi a cikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara da manoman Jazira, inda Hausawa da yawa suka yi aikin auduga. Wasu 'ya'yanta sun shiga gwamnatin Ja'afar Numairi bayan juyin mulkin Mayun 1969, sai aka ɓata, kuma a ranar 19 ga Yulin 1971 Manjo Hashim al-Ata, mai goyon bayan jam'iyyar, ya karɓi mulki na kwana uku kacal. Da Numairi ya dawo, aka rataye shugaban jam'iyyar Abdul Khaliƙ Mahjub da jagoran ƙwadago Shafi'u Ahmad al-Shaikh, kuma jam'iyyar ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba.

Kwamitocin gwagwarmaya na unguwanni, waɗanda suka taka babbar rawa wajen kifar da Shugaba Umar al-Bashir a Afrilun 2019, sun bi wata hanya dabam. Ba su kiran kansu mabiya Bakunin, amma tsarinsu na ƙin shugaba guda ɗaya ya yi kama da abin da ya yi kira a kai. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun sa-kai na RSF a ranar 15 ga Afrilun 2023 ofisoshi suka watse, daga cikin waɗannan kwamitoci ne aka samu matasan ɗakunan agajin gaggawa da suka riƙe takaya, wato wuraren dafa abinci na jama'a, suna ciyar da mutane.

Sai dai Bahaushen garin Mai Wurno ko na Damazin a Sudan yana da dalilin yin taka-tsantsan da kowane ɓangare. Ya sha wahalar hukuma wajen neman takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, amma rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022, wanda ya taso daga batun filaye da sarauta ya raba dubban Hausawa da gidajensu, ya nuna masa cewa inda hukuma ta janye, masu makamai ne ke cike gurbin, kuma kwamitin unguwa ba shi da kotun da za ta mayar wa mutum gonarsa.